Ɗan Gwaggo da Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, da wanda ya ɗaure kayansa da wanda bai ɗaure ba. Ɗan Gwaggo ya riga mu gidan gaskiya. Mun rufe shi a Malbaza bayan la'asar, a maƙabartar da ake hango hayaƙin masana'antar siminti daga cikinta, nesa da garin da aka binne cibiyarsa.

Zaman makoki ya yi jama'a. Abokan aikinsa daga aiki suka taso kai tsaye, gira da gemu fari fat da ƙurar siminti, ba ka gane yaro ba ka gane tsoho. Wani Bazabarme da suka yi shekaru suna aiki ɗaki ɗaya ya zauna yana jujjuya hularsa a hannu. Masu gyaran rediyo da masu cajin batir na Ƙonni sun zo mota guda, kowa na cewa marigayin ne ya koya masa riƙon waya. Bafillatar da ke kawo masa nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gida, ta ji labari, ta zauna nan ƙasa ta yi kukanta, ta tashi ta bar nonon ba ta ko waiwaya ba.

Mutanen garinmu na ƙasar Tajaye, 'yan'uwansa na jini, su ne suka zo su kaɗan. Sun zauna can gefen tabarma kamar masu jiran mota. Wana, wanda muke kira Yaya, shi ne kuma maigari, yana gabansu kansa sunkuye, tun da ya zauna har ya tashi ban ji ya ce komai ba ban da amin. Na shiga zaure ɗebo ruwan alwala, sai na ji wata tsohuwa daga cikinsu tana yi wa mai ɗakin marigayin gaisuwa a tsakar gida.

"Allah shi gahwarta mai," in ji ta, "har da abin da yay yi muna."

Na tsaya da buta a hannu. Ni mai saurin baki ne, kowa ya shaide ni, amma ranar na haɗiye, don ƙasar kabarinsa ba ta ko bushe ba. Haɗiyar ce ta tsaya mini a ƙirji. Direba ne ni, hannuna ya fi sabawa da sitiyari a kan alƙalami, amma na gaji da jin maganar nan, na gaji da gyara ta a tasha da gindin bishiya. Shi ya sa na zauna in rubuta ta sau ɗaya, ko na samu in huta.

Uwarsa ƙanwar babanmu ce, ita muke kira Gwaggo, shi kuma da sunan nan na tashi na ji ana kiransa a gidanmu, Ɗan Gwaggo. Shi ɗan mace, mu 'ya'yan namiji, ka ga taubasai ke nan, abokan wasa, waɗanda al'ada ta halatta wa zagin juna ta kuma haramta musu fushi. Ni ya girme ni nesa, ragowar wasan kawai nake samu. Wasan gaske tsakaninsa da Yaya yake. Sa'anni ne, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba. Yaya na kiransa Bokan Nasara, shi yana kiran Yaya Maigarin Jakkai. Ranar da aka naɗa wa Yaya rawani, kowa na zuba addu'a, Ɗan Gwaggo ya ratso taro ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wanga gari ya mutu. Ku kwashe awakinku tun da wuri." Yaya ya yi dariya har rawanin ya kusa warwarewa.

Sunan bokan ba banza aka ba shi ba. Faransa sun ɗauke shi soja yana saurayi, can ya koyo batir da waya. Da ya dawo ya kafa 'yar rumfa a Ƙonni yana cajin batir, har aka buɗe masana'antar siminti bayan mun samu 'yancin kai, aka ɗauke shi ɗakin gwaje-gwajen da suke kira labo. Can ya haɗu da wani Banasare mai sanƙo, masanin ƙarfe, wanda ya zaunar da shi ya koya masa aikin da ya ci abinci da shi har ƙarshen ransa. Bai taɓa daina yabon mutumin ba.

Aikin shi ne duba lafiyar ƙarfe. Akwai farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ake kira inoks, wanda aka ce ba ya tsatsa, da shi ake yin wasu bututun ruwa da sassan pampo. Ɗan Gwaggo shi ke duba ko ruwan da ke bi ta cikinsu yana cinsu. Ranar da na fara leƙa shi a labo, ina jiran layin lodi, na same shi zaune gaban wata kwalba mai faɗin baki cike da ruwa. Ya tsoma guntun ƙarfe a ciki ɗaure da waya, kusa da shi wata 'yar sanda ita ma da tata wayar, duka sun tafi ga batir da wani akwati mai fuskar agogo da allura ɗaya. Yana murɗa wani maɓalli a hankali, idonsa kan allurar, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Mi kaka dahwawa?" na ce.

"Zamna, direban banza, ka ga ilimi. Ƙarhen ga hwata gare shi, siririya, ido ba shi ganinta. Ita ka tsare shi. Gishirin cikin ruwa shi ka neman inda za shi huda ta. Ni kau ina ƙara mai wuta kaɗan-kaɗan, in ga iyakar abin da hwatar ka ɗauka. In allura ta daɗe kwance, ƙarhe da ruwa sun shirya. In ta zabura da wuri, to ruwan ya hi ƙarhinai."

Ina nan zaune allurar ta zabura. Ya kashe wutar, ya ciro ƙarfen ya goge, ya miƙo mini. Sumul yake, ina ganin fuskata a ciki. Ya ba ni gilashin ƙara girma, ya nuna mini da tsinke, sai ga 'yan ramuka ƙanana warwatse a jikinsa.

"Bakinsu ƙarami na," ya ce. "Ciki suka yin ɗaki, awa gara."

Aikin nan ya bi shi har gida, ya mai da shi mutum mai wuyar zama. Ba ya yabon abu mai ƙyalli. In aka kawo kayan ɗakin amarya, mata na guɗa suna shafa tasoshi, shi sai ya ɗauki ɗaya ya kifa ya duba gindi. In ka ba shi ruwa sai ya riƙe a baki kafin ya haɗiye, ya ce maka na rijiyar wace unguwa ne, ba kuma kullum yake dacewa ba. Ya taɓa kama ni ina zuba wa batirin mota ruwan rijiya, ya yi mini tatas a gaban yaran mota, ya ƙwace butar ya yi jifa da ita. Washegari sai ga shi da kwalbar ruwan sama da ya tara tun damina, ya dangwara mini a gaba ya wuce. Magana ɗaya gare shi, mun ji ta har ta ishe mu: ƙyalli ba lafiya ba ne.

Kuma yakan yi kuskure. Akwai wani ludayin inoks na mai ɗakinsa da take bari ya kwana cikin miya mai kanwa da gishiri. Tun farkon zuwansu Malbaza ya yanke masa hukuncin kisa. Ludayin na nan, da shi aka kwashe miyar sadakar ukunsa. Takan kaɗa masa shi a fuska ta ce, "Maigida, gaida mamacinka." Shi kuma ya ɗaure fuska ya ce, "Allura ta san ciwo, ba ta san rana ba."

Garinmu rijiya ɗaya gare shi tun kakanni, mai zurfi, mai rowa. Kowace shekara in an gama ɗaurin gero sai an yi gayyar yasa: a ɗaura wa maza igiya a ƙugu a zura su, su kwashe yashin da ya zubo, su toshe inda bango ya zaizaye. Aiki ne na sai da rai. Ta taɓa rufta wa wani magidanci, ba a fito da shi yana numfashi ba. Saboda haka da wasu masu aikin taimako daga ƙetare suka zo suka haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, suka zura bututun inoks, suka ɗora pampon hannu, sai gari ya zama kamar ranar salla. 'Yar ƙaramar yarinya ta danna, ruwa ya zubo. Ruwan na da ɗan zartsi, amma wa ya damu? Yaya ya tara dattawa aka yanke cewa an gama yasa har abada. Ban ga laifinsa a nan ba, don shi ne ya kai wa matar mamacin nan labari da bakinsa.

Ɗan Gwaggo ya zo ganin pampo kamar kowa. Ya sha ruwan, ya daɗe riƙe da shi a baki. Ya tsinci guntun bututun da ma'aikata suka yanke suka yar, ya cika kwalba da ruwa, ya cusa su a aljihu. Bayan 'yan makonni ya tare ni a bakin masana'anta, fuska ba daɗi.

"Ɗan Kawu, yaushe kaka zuwa Tawa?"

Na ce jibi.

"Za ni bin ka, ka aje ni gida. Allura ta zabura, ko murɗawa ban gama ba. Na sake, ta sake. Na kai ma mai sanƙo ya gwada da kainai, haka na."

Na ɗauke shi da akwatinsa da batirinsa a kan cinya. A hanya na ce masa ya ja Yaya gefe su yi magana su biyu. Ya ce a'a, gani ya kori ji, a gaban kowa zai nuna musu. Taurin kai gare shi irin na Gwaggo, in ya kafe sai dai ka gaji ka bari.

Mun isa da hantsi, mata sun yi layi da tuluna, Yaya da dattawa na zaune a inuwa kusa. Ɗan Gwaggo ya tsuguna ya buɗe akwati, ya maƙala waya ɗaya a jikin bututun pampon kansa, ya tsoma 'yar sandar nan a ruwa, ya fara murɗawa. Jama'a suka zagaye shi. Da allura ta motsa ya miƙe ya nuna ta da yatsa.

"Jama'a, pampon ga ba shi daɗewa. Ruwan ya hi ƙarhin ƙarhen. Ku sha abinku, amma kak ku bar tsohuwar rijiya. Ku yashe ta bana, ku yashe ta baɗi."

Kowa ya juya yana kallon Yaya. Yaya ya dubi bututun da ke walƙiya a rana, ya dubi taubashinsa da wayoyi a hannu, sai ya fashe da dariya.

"Kun ji Bokan Nasara! Ran naɗina yac ce gari ya mutu, ga mu nan. Yau kuma pampo. To boka, yaushe za shi mutuwa, mu ɗinka mai likkahwani?"

"Ban san rana ba."

"Bana?"

"Ban sani ba."

"Baɗi?"

"Na rantse maka ba wasa nika yi ba."

Rantsuwar ita ta ƙarasa kashe mutane da dariya, don taubashi in zai shirga babbar ƙarya da rantsuwa yake buɗe ta. Mata suka riƙe ciki, wata har da guɗa. Da wani baƙo ne ya zo da kaki da mota ya faɗi maganar nan, da washegari an fito da igiya. Amma daga bakin taubashin maigari ta fito, mutumin da tun suna yara yake ce wa Yaya rumbunsa zai ƙone, jakinsa zai gudu, kuma babu abin da ya taɓa ƙonewa ko ya gudu. Ni na ce gaskiya ce, na ga ramukan da idona, aka ce direba ya shiga wasan manya. Ɗan Gwaggo ya bi Yaya har zaure ya maimaita, Yaya ya ce ya iya wasa yau, ya sa a kawo masa fura. Ya je wurin liman, liman ya yi murmushi ya ce tsakanin taubasai ba a shiga.

Pampo ya ci gaba da ba da ruwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Duk sanda Ɗan Gwaggo ya zo gari, Yaya sai ya aika a cika masa kwano ya ce, "Sha ruwan gawa." Shi kuma ya sha ya ce, "Ku yashe rijiya." A yi dariya. Tun yana faɗa da ƙarfi har ya koma faɗa ƙasa-ƙasa. Rijiyar kuwa aka jera mata ƙaya a baki don kada awaki su faɗa, aka manta da ita.

Sai fari ya zo, babban farin nan da ba sai na ba kowa labarinsa ba. Tafkuna suka ƙafe tun kafin kaka. Fulani da Buzaye suka gangaro daga arewa da abin da ya rage musu na dabbobi, duk suka yo kan pamponmu, ba ya hutawa tun fitowar rana har faɗuwarta. Ana cikin haka ruwan ya fara raguwa, a danna a danna kafin ya tofo ɗan kaɗan. Wata safiya aka danna sai iska. Da masu gyara suka zo suka zaro bututun, ya fito yana ƙyalli kamar ranar da aka zura shi, amma wajen mahaɗa duk ya zama rariya. Suka ce ba su da irinsa, sai an aiko daga waje, ba su kuma san yaushe ba.

Aka kwashe ƙaya daga bakin tsohuwar rijiya. Bango ya rufta, yashi ya cika ta. Maza da yunwa ta riga ta cinye suka shiga suka kwashe abin da suka iya, sabon yashi na zubo musu a ka, har Yaya da kansa ya ce a fito da su. Mata suka koma ɗebo ruwa a wani gari, su fita da sassafe su dawo rana tsaka da tulu ɗaya. Shanun Yaya suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Gidaje suka ɗaure kaya suka tsallaka Najeriya, wasu har yau ba su dawo ba, kangonsu na nan tumfafiya ta fito a ciki.

Mai ƙishirwa sai ya sami wanda zai ɗora wa. Ban san wanda ya fara ba. An dai tuna cewa Ɗan Gwaggo ya maƙala wa pampo waya a gaban kowa, ya sa masa wutar batir, ya kuma yi masa mugun baki. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Ƙarfen da Nasara suka ce ba ya tsatsa, me zai huda shi in ba kambun baka da tsafi ba? Dariyar da suka yi ranar kuwa, kowa ya manta ya yi ta.

Ɗan Gwaggo ya zo jaje, ni na kawo shi. Mun sami Yaya a zaure ya rame, rawani ya yi masa yawa. Ɗan Gwaggo ya zauna ya rasa ta inda zai fara. Da ya yi shiru da ya fi. Da ya zage shi ma da ya fi. Amma taurin kan nan sai ya motsa.

"Ai na hwaɗa maka," ya ce.

Yaya ya ɗago ya daɗe yana kallonsa.

"Ka hwaɗa mani. Gaban mata da yara kah hwaɗa mani, awa mai tallan magani. Kai da ba ka taɓa gaya mani gaskiya ba tun muna kiwo, ƙaƙa za ni sanin rad da kas soma?" Ya gyara zama. "Daga yau babu wasa tsakanina da kai. Ka gaida gida."

Ni a ganina Yaya bai taɓa yarda da zancen kambun baka ba. Ya san an faɗa masa, ya san ya yi dariya, ya san gidajen da suka tashi a kan dariyar nan suka tashi. Abin ya yi masa nauyi ya kasa ɗauka shi kaɗai, sai ya bar gari suna faɗin abin da suke faɗa bai tsawata ba. Wannan shirun nasa shi ne ya tsaya mini a rai har yanzu, ko da yake wana ne. Da Gwaggo na da rai da ta kama kunnuwansu ta gwara kawunan, amma ta daɗe da rasuwa, babu sauran wanda ya isa da su biyun.

Ga abin da garinmu bai sani ba. Ruwan da ya riƙe su a ƙarshen ranin nan, wanda samari ke zuwa ɗauka a mararrabar garinmu da amalanken jaki, na Ɗan Gwaggo ne. Shi ya nemo tsofaffin ganguna, ya wanke su da toka da hannunsa, yana cika su a pampon unguwar ma'aikata in ya taso aiki. Duk sanda zan kai siminti Tawa, da yardar maigidana, sai in ɗora su bisa lodi in sauke a hanya. Ya ce in ce sadakar wani Alhaji ce na Ƙonni, ya kuma sa na yi alkawari.

"In sunka ji nawa na, zubarwa za su yi," ya ce. "Bari su sha, su zage ni da maƙoshi jiƙe."

Yaya ya sha ruwan nan. Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba, amma ya san Alhazan Ƙonni ba su san hanyar garinmu ba. Yanzu da mai alkawarin ya tafi na faɗa, wanda ya sha ya sani.

Da ruwan sama ya dawo aka kawo sabon bututu, aka gyara pampo, aka kuma koma yasar rijiya kowace kaka, ba wanda ya ce don me. Ɗan Gwaggo ya gwada zuwa wani suna sau ɗaya, ya ga mata na rufe tuluna in ya gifta, bai sake taka garin ba. Duk da haka ya sa na kawo masa ruwan da guntun sabon bututun. Ya gwada, na tambaye shi, ya ce, "Wanga ya hi na da, za shi kai su nesa. Amma kak ka ce ni nic ce." Daga nan ban sake jin ya faɗa wa kowa abin da zai sami komai ba. Ko tasoshi ya daina kifawa. Ya tafi aiki, ya dawo, ya zauna ƙofar gida da rediyo a kunne. Ya gaji, kuma duk wanda ya san shi ya san ba aikin labo ne ya gajiyar da shi ba.

Tari ya kama shi bara da sanyi, ya ƙi sakinsa. Da na ga ƙafafu sun fara kumbura, na ce masa zan je in ɗauko Yaya. Bai hana ni ba. Na je na sami Yaya na ce masa Ɗan Gwaggo na kwance, kuma kwanciyar ba ta tashi ba ce. Sai ya tashi ya shiga ciki ya fito da babbar riga da rawani, kamar mai zuwa buro, ofishin hukuma. Na sa shi a gaban mota.

Mun sami Ɗan Gwaggo ya sa an jingina shi da bango, an sa masa hula. Mai ɗakinsa ta ce tun safe yake motsa baki shi kaɗai yana murmushi, ashe zagi yake shiryawa. Yaya na yin sallama ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa.

"A'a! Maigarin Jakkai da kainai! Wa kab bar ma garken?"

Na ga leɓen Yaya ya motsa. Sai ya tuɓe takalmi, ya zauna a ladabce bakin tabarma ya ce, "Sannu, Malam. Ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Ya ajiye goro, ya tashi ya fita.

Wanda bai san taubasantaka ba zai ce an yi zumunci. A wurinmu kuwa ladabin nan ya fi mari ciwo. Na koma in yi wa Ɗan Gwaggo sallama, na same shi ya zame daga jikin bango, hular ta faɗi.

"Ka ji, Ɗan Kawu?" ya ce. "Malam yac ce mani."

Muka shiga mota ni da Yaya, muka wuce Tsarnawa muka miƙi hanyar arewa. Na danne abin da ke raina, don in na buɗe baki abin da zai fito ba irin wanda ƙane ke gaya wa wansa ba ne. Can sai na ji ya fara, idonsa a kan hanya.

"Ka ga wuyanai? Awa na angulu. Ga kunnuwa awa hwaihwai. Tsohon boka, ya ƙare duban ciwon ƙarhe, nashi ciwon ya gagare shi. Wa ma yas sa mai hulag ga, awa an kihwa ma turmi ƙwarya?"

Yana zagi yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya dafa maƙogwaro ya ce duk suna nan tun a ƙofar ɗakin, sun ƙi fita. Na taka birki na ce mu koma yanzun nan ya faɗa masa. Ya ce rana ta yi sanyi, ga lodin mutane a baya, in ya zo cin kasuwa mai zuwa zai biya ya wanke shi tas. Na roƙe shi. Ya goge fuska da bakin rawani ya ce, "Ja mota."

Na sauke shi a mararraba na wuce Tawa, aka ɓata mini lokaci can wajen sauke kaya. Da na dawo Malbaza ko gida ban je ba. Na sami ɗakin Ɗan Gwaggo cike da mutane, an aika kiran liman, idonsa rufe, numfashi sama-sama. Na ratsa na durƙusa, na sa bakina a kunnensa, na zuba masa zagin Yaya ɗaya bayan ɗaya, da wuyan angulun da faifan da turmin, na ce masa daga bakin Maigarin Jakkai suka fito, ni ɗan aike ne. Mai ɗakinsa na jan rigata, mutane na kallona kamar na zautu. Ban sani ba ko ya ji.

Allah ya jiƙan Ɗan Gwaggo, ya yafe masa taurin kansa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar. In kuma na makara da saƙon nan, Allah ya isar masa.